GIYAYYA: KA CI AMFANINTA, KADA KA KASHE TA

Malam manomi, in gonarka tana bakin Kogin Kano, ko cikin fadama a ƙasar Kura, Bunkure ko Garun Malam, to ba sai an gaya maka giyayya ba. Ita ce bishiyar nan mai dunƙulallen fure fari mai ƙanshi, wadda kan daɗe tsaye cikin ruwan ambaliya ba ta mutu ba. Tun da aka gama Madatsar Tiga a 1974 noman rani ya bunƙasa, aka share fadamu don shinkafa da alkama da tumatir. Giyayyar da ta tsira daga gatari kuwa, mugun sassaƙa ne ke ƙarasa ta.

Amfaninta

Tun kaka da kakanni ana dafa sassaƙenta da ganyenta don zazzaɓi da shawara da ciwon ciki. Dangi ɗaya take da itacen da ake samun kwinin daga ɓawonsa. Awaki da tumaki suna cin ganyenta, ƙudan zuma suna bin furenta. Babban aikinta gare ka shi ne riƙe gaɓa. Saiwoyinta suna ɗaure ƙasa. In ta mutu, gaɓa ta riƙa zaftarewa ke nan kowace damina, gonarka tana bin ruwa kaɗan-kaɗan.

Me ya sa sassaƙa ke kashe bishiya?

Ganye ne ke haɗa abincin bishiya. Abincin nan ta cikin ɓawo yake bi ya sauka ga saiwa. In ka sassaƙe ɓawo ka zagaye gindi, ka yanke hanyar ke nan. Kada koren ganye ya ruɗe ka. Ruwa yana hawa ta cikin itace, saboda haka za ka ga bishiya shar kamar ba abin da ya same ta, alhali saiwa tana mutuwa da yunwa. Kafin ka farga ta bushe.

Yadda za ka ɗebi magani

1. Fara da ganye. Yana sake tofowa da sauri.
2. In sassaƙe kake so, sare reshe ɗaya ka ɓare shi, ka bar gindi.
3. In dole sai jikin bishiya, zaɓi babba. Yi amfani da wuƙa mai kaifi, ba gatari ba. Yanka siriri daga sama zuwa ƙasa, faɗin yatsa uku, a gefe ɗaya kurum.
4. Kada ka kankare har ka kai ga itace. Bar lallausan ɓawon ciki, shi ne zai rufe ciwon.
5. Kada ka sake taɓa bishiyar sai wurin ya rufe.
6. Kada ka haƙe saiwa a bakin gaɓa.

Hattara da maganin feshi

Kada ka ɗebi ganye ko sassaƙe a bishiyar da ke gefen gonar da aka yi wa feshi. Kada ka wanke injin feshi ko ka zubar da kwalaben magani a gindinta. Abin da zai kashe tsutsar tumatir zai cuci mutum.

Yadda za ka ƙara yawanta

Giyayya tana tofowa daga kututture. In an sare ta, kada ka ƙone gindin. Zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka cire sauran. In ka ga ƙarama ta fito da kanta a gaɓa, kewaye ta da ƙaya saboda dabbobi. Bar fili kamar taku biyar daga bakin kogi ba noma. Amma ban da jikin kwalbati da babbar hanyar ruwa ta siminti da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke lura da ita, domin saiwa tana fasa siminti.

Ka tuna

Inda ruwa ke kwanciya sauro ba ya ƙarewa. In zazzaɓi ya kama yaro ko mai ciki, a kai su asibiti a gwada jini ran nan, kada a zauna jiran sassaƙe. Zazzaɓin cizon sauro yana kisa cikin 'yan kwanaki.

In mai sayen sassaƙe ya zo gonarka, tsaya a kansa ka nuna masa yadda zai ɗiba. Ku tattauna wannan takarda a ƙungiyarku ta masu ban ruwa. Don ƙarin bayani, sai ka tuntuɓi malamin gona na yankinku.