Tuna Mutuwa Gyaran Yini Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya tsara Ihya'u Ulumiddin cikin littattafai 40, ya rufe shi da littafin ambaton mutuwa. A ciki ya kasa mutane gida uku. Akwai wanda ya dulmuya cikin duniya, ba ya son ko jin sunanta. Akwai mai tuba, wanda tunawa da ita ke ƙara masa tsoron Allah da himma. Sai arifi, wanda ke ganinta ranar saduwa da Masoyi.

Galibin muridai suna mataki na biyu, kuma alamar tafiyarsu tana bayyana ne cikin mu'amala. Bukhari ya ruwaito cewa an kawo wata gawa, Manzon Allah (SAW) ya tambaya ko da bashi a kanta. Da aka ce akwai, ya umurci sahabbai su sallace ta, shi bai yi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biyan. Har yau a wurin jana'iza, daga Maraɗi zuwa Damagaram, ana shelar duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa. Mai hankali ba ya jiran wannan shela. Jaka biyu da ya ci a kasuwa, yau zai biya. Ɗan'uwan da suka yi shekara ba gaisuwa, yau zai je masa. Wuridin safe ba zai bar shi sai ya samu sarari ba.

Wannan ba kira ba ne zuwa ga zaman kashe wando. A Musnadin Imamu Ahmad akwai umurni ga wanda alƙiyama ta riska da dashe a hannu, in ya samu dama ya dasa shi. Manomin da ya san wataƙila wani ne zai ci hatsinsa yana noma da niyyar sadaka, sai gonar ta zama ibada.

Ya kamata muridi, kafin ya kwanta, ya tambayi kansa: in da safe aka ɗauke shi, haƙƙin wa ke wuyansa? Abin da ya tuna, shi ne aikinsa na farko gobe.

Allah Ya ba ƴan'uwa kyakkyawan ƙarshe, albarkacin Annabi (SAW). Amin.