Darasi ga Masu Zuba Jari: Dalilin da Ya Sa Ƙaguwar Teku Ba Ta Kiwatuwa a Bauchi

Ɗan kasuwar da ya ga yadda ake cinikin ƙaguwa a Legas yana iya tunanin haƙa tafki a Ɗan Iya, cikin garin Bauchi, domin kiwata ta. Kafin ya fitar da ko kwabo, ya kamata ya san yadda wannan halitta take girma.

Ƙaguwar da ake kamawa a tafkin Legas mai haɗe da teku, wadda masana ke kira Callinectes amnicola, tana da ƙafafu 10. Biyu na gaba kamar awartaki suke, da su take kama abinci. Biyu na ƙarshe kuwa masu faɗi ne kamar filafilin kwalekwale, da su take iyo.

Macen tana ɗauke da ƙwai a ƙarƙashin cikinta har su ƙyanƙyashe. 'Yar'uwarta ta gaɓar Amurka takan ɗauki ƙwai kimanin miliyan 2 a lokaci guda. Abin da ke fitowa 'yar tsutsa ce da ido bai cika gani ba, mai ƙaya a ka, wadda igiyar ruwa ke yawo da ita. A irin na Amurka, takan yi saɓa kamar sau 7 cikin wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi, sannan ta fitar da awartaki, daga bisani ta ɗauki siffar ƙaguwa.

A nan kuɗi ke nutsewa. Tsutsar tana buƙatar ruwa mai gishiri kusa da na teku, wanda ke da kimanin giram 35 a kowace lita, ga kuma abinci mai rai na ƙananan halittun ruwa. Bugu da ƙari, 'ya'yan sukan cinye duk wanda ya yi saɓa jikinsa bai yi tauri ba. Ruwan rijiya ko na madatsar Gubi ba zai raya ta ba. Kada a ruɗu da ƙaguwar rafi, domin ita 'ya'yanta da cikakkiyar siffa suke fitowa daga ƙwai.

Saboda haka mai jari a Bauchi ya karkata ga tarwaɗa, wadda ƙwanta ke ƙyanƙyashewa cikin kamar kwana ɗaya a ruwan daɗi, ta isa sayarwa cikin wata 5 zuwa 6. Wanda kuma ya dage kan ƙaguwa, to ya fara da neman shawarar Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya da aka kafa a Legas a 1975, ya kuma kafa sana'arsa a bakin teku.