Gambarar Zamani a Kano: Faifan Farko na Ziriums da Yadda Aka Karɓe Shi

Gabatarwa

Manazarta sun daɗe da kasa waƙar Hausa gida biyu, watau waƙar baka da rubutacciyar waƙa. Amma tun wajen ƙarshen ƙarni na ashirin wani nau'i ya ɓullo wanda ya ƙi zama daram a ɗaya daga cikin gidajen nan, domin ana rubuta shi kamar rubutacciya, ana kuma aza shi bisa kiɗa kamar ta baka. Shi ne hip-hop, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna gambarar zamani. Wannan maƙala za ta duba faifan farko na Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, mai suna This Is Me, wanda ya fito a 2010, da kuma irin tarbar da ya samu.

Asalin Wannan Nau'i

An haifi hip-hop a unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka, wajen 1973, a tsakanin matasan baƙar fata. Ginshiƙinsa shi ne jero magana da sauri bisa kari, tare da amsa-amo, ba tare da an ja murya sosai ba. Kunnen Bahaushe bai baƙunci wannan ba. 'Yan gambara sun daɗe suna bin kasuwanni suna jero zance mai amsa-amo, cike da zambo da ba'a, haka kuma kirarin mafarauta da na 'yan dambe magana ce ta yabon kai da razana abokin gaba. Wannan kamanni ne ya jawo sunan. Sai dai akwai bambanci: ɗan gambara yana yi ne don a ba shi, ɗan hip-hop kuwa ya fi ɗaukar kansa mai faɗa wa jama'a da hukuma gaskiya.

Yanayin da Faifan Ya Fito

Ba za a fahimci faifan ba sai an san halin da Kano take ciki a lokacin. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabance ta, aka kuma tsananta doka a kan 'yan fim da mawaƙa. A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango saboda faifansa Bahaushiya. A 2009 kotun tafi-da-gidanka mai aiki da hukumar ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da Hasbunallahu ta Aminu Ala da Girgiza Kai ta Ziriums. Bayan wannan ne ya saki faifansa daga Abuja, ba ta hannun 'yan kasuwar kaset na Kano ba, sai ta intanet, a shagunan iTunes da Amazon.

Jigo da Salo

Jigogi biyu suka fi fitowa fili. Na farko shi ne bayyana kai, kamar yadda sunan faifan ya nuna, kuma wannan kirari ne tsantsa cikin sabuwar riga. Na biyu shi ne kokawa da takura, wanda Girgiza Kai ta ɗauka.

Ya kamata a tsaya a kan sunan wannan waƙa, domin a nan gwanintar take. A wajen Bahaushe girgiza kai alama ce ta ƙin yarda, ko ta takaicin da ya fi ƙarfin baki. A wajen mai sauraren hip-hop kuwa, motsa kai shi ne bin kiɗa. Mawaƙin ya haɗa ma'anonin biyu wuri ɗaya: tun da an hana taka rawa, to, a girgiza kai kawai. Wanda ya bi wannan shawara bai karya doka ba, amma da motsi ɗaya ya ji daɗin kiɗan, ya kuma nuna bai amince ba. Wannan shi ne habaici, watau a faɗi magana ta yadda mai ita zai gane, amma a rasa inda za a kama mai faɗa. Ita kuwa kotu, da ta haramta waƙar, sai ta tabbatar da cewa saƙon ya isa inda aka aike shi.

Ta fuskar harshe, akwai gamin gambizar Hausa da Ingilishi. Wasu na ganin wannan rauni ne. Amma mawaƙin yana magana ne da jama'a biyu, na gida da na waje, kuma zaɓen harshe yana nuna wanda ake fuskanta a kowane ɗango.

Karɓuwa

Masu sauraro sun kasu uku. Kashi na farko su ne hukuma da masu ra'ayinta, waɗanda suka ɗauki nau'in a matsayin kwaikwayon Amurkawa mai ɓata tarbiyya. Damuwarsu ba ta rasa tushe ba, domin akwai batsa da ashar a yawancin hip-hop na ƙetare, sai dai hukuncin ya haɗa mai batsa da mai sukar gwamnati a kwando ɗaya.

Kashi na biyu su ne manazarta da 'yan jarida na waje. Gidan talabijin na CNN ya nuna Ziriums a 2008, ya kuma fito a fim ɗin tarihi mai suna Recording a Revolution. Waɗannan sun fi kallonsa ta fuskar 'yancin faɗin albarkacin baki, fiye da ta fuskar fasahar harshe.

Kashi na uku su ne matasan Hausawa, kuma a nan matsalar take. Saurayi a gari irin Toranke, a ƙasar Ajingi gabas da Kano, ba shi da hanyar sayen waƙa a shagon intanet na Amurka a 2010. Hanyar da waƙa ke isa irin waɗannan wurare ita ce daga waya zuwa waya, ko ta masu tura waƙoƙi a kasuwa. Wannan hanya ta fi ƙarfin mai tacewa, amma ba ta mayar wa mawaƙi ko kwabo. Ke nan masu iya saye ba su jin harshen, masu jin harshen kuma ba su iya saye.

Kammalawa

An ga cewa This Is Me ya tsiro ne daga tushe biyu, kirari da habaicin gida, da kuma kiɗan ƙetare, kuma matsin hukuma ya yi tasiri a kan jigonsa da hanyar fitarsa. Daga 2014, da tashar Arewa24 ta fara ba mawaƙan hip-hop fili, nau'in ya shiga ɗakunan jama'a a sarari. Aikin da ya rage wa ɗaliban Hausa shi ne su tattara waɗannan waƙoƙi su rubuta su, su auna karinsu da amsa-amonsu da na 'yan gambara, domin waƙar da ke zaune a cikin waya kaɗai tana ɓacewa ranar da wayar ta lalace.