Hasashe Daban, Nazariyya Daban: Shawara ga Mai Karatu

Idan ka ji an ce "masana sun gano", kada ka yi saurin yaɗawa. Fara tambaya tukuna: hasashe ne ko nazariyya?

Hasashe zato ne na mai ilimi wanda ke jiran gwaji. A 1894, likita Patrick Manson na Birtaniya ya yi hasashen cewa sauro ke yaɗa maleriya, yana tsammanin mutum kan kamu ne idan ya sha ruwan da sauron ya mutu a ciki. Ronald Ross ya ɗauki maganar ya gwada a Indiya, a 1897 ya ga ƙwayar cutar a cikin sauro. Daga baya aka tabbatar cewa cizo ne hanyar kamuwa. Batun sauro ya tsaya, na ruwa ya faɗi, kuma wannan ba abin kunya ba ne, haka aikin yake.

Nazariyya kuwa faffaɗan bayani ne da ya haɗa hasashe masu yawa waɗanda suka tsallake gwaji a hannun masana daban-daban, kamar nazariyyar cewa ƙwayoyin cuta ke haddasa cututtuka masu yaɗuwa. A kanta riga-kafi da wanke hannu suka dogara. Ana iya gyara ta in sabuwar hujja ta zo, amma raina ta da sunan zato kuskure ne mai iya cin rai.

Don haka kafin ka tura saƙon magani a WhatsApp, bincika wa ya gwada, a kan mutum nawa, kuma ko wasu sun maimaita gwajin sun sami sakamako iri ɗaya.