Idan an kama ɗan'uwanka: abin yi a rana ta farko

Shari'a da yawa tun a caji ofis take lalacewa, a daren farko, kafin alƙali ya ga fuskar wanda ake tuhuma. Don haka da zarar labari ya iso gida, ajiye kuka, ɗauki biro da takarda.

Fara da sanin inda yake. Rubuta sunan ofishin, da lokacin da aka kama shi, da sunan jami'in da ke binciken. Ka tambaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, da me ake tuhumarsa?" Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ce a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi damuna. In ka samu ganinsa a bayan kanta, ko da minti ɗaya ne, faɗa masa kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Yaro ya kwana tsaye, ga yunwa ga tsoro, a miƙo masa jawabi da Turanci a ce "sa hannu ka tafi gida". Wannan takardar ce za a karanta a kotu a ce ya amsa laifi da bakinsa. Yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ba shi damar ba da jawabi a gaban lauyansa, ta kuma tanadi tafinta ga wanda ba ya jin Turanci. Jihohi sun yi tasu dokar irinta, Kano a 2019. In an doke shi, a rubuta ranar, a nemi takardar likita: dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25.

Sai lauya. In babu kuɗi, nufi ofishin Hukumar Ba Da Tallafin Shari'a da ke jiharku, kyauta take aiki.

Na huɗu, beli. A wurin 'yan sanda kyauta ne, kuma mace ma tana iya tsaya masa. Doka ta hana a kama uwa ko mata a madadin wanda ake nema, ta hana kama mutum kan bashi kawai.

Daga nan ka riƙa duba agogo. In akwai kotu cikin kilomita 40, kwana ɗaya gare su su gurfanar da shi. In babu, kwana biyu, sai fa laifin da hukuncinsa kisa ne. Idan lokacin ya wuce ba beli ba kotu, lauya ya shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu, kai kuma ka kai koke a rubuce ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ka riƙe kwafi ɗaya mai hatiminsu.