Agogo Biyu a Cikin Na'ura Ɗaya

'Ya'yana masu koyon aikin kwamfuta, da ku da ke karatu a Gwagwalada, da ku da ke zaune bakin benci a Banex kuna kwance na'ura kuna ɗaurawa, ku matso mu yi magana a kan wani ɗan lungu na wannan sana'a. Ba ya cikin abubuwan da ake yayi, ba kuma mai tafa muku don kun iya shi. Sai ranar da ya ɓaci ake neman wanda ya taɓa shi.

Kowace kwamfuta da kuka buɗe agogo biyu gare ta. Na farko yana cikin kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke sarrafa na'urar. A Linux da danginsa wannan agogo lamba ɗaya ce tak: yawan sakan ɗin da suka shuɗe tun tsakar daren da aka shiga 1 ga Janairu 1970 a agogon UTC, wanda muka fi jin sunansa a rediyo da GMT. Bai san wata ba, bai san Juma'a ba, ƙirga kawai yake yi, kuma da an ɗauke wuta ya mutu. Na biyu wani ɗan cif ne a kan bod, yana cin wutarsa daga batirin simos, ɗan faifan nan CR2032 mai bolt 3 da kuke canja wa mutane kullum. A gefensa akwai ƙanƙanin dutsen kiristal mai kaɗawa sau 32,768 a sakan guda. An zaɓi wannan adadi ne saboda in aka yi ta raba shi biyu har sau 15, ɗaya zai rage, sakan ke nan cif-cif. Wannan shi ne maigadin gidan. Kowa ya yi barci yana nan a farke, da safe kanel ya tambaye shi ƙarfe nawa, ya karɓi abin da ya faɗa ya ci gaba. Sai dai maigadi ne da bai san komai ba sai abin da aka bar masa sallahu kafin a kwanta.

Tsarin da yawancin kwamfutocinmu ke bi har yau ya samo asali daga cif ɗin Motorola MC146818 da IBM ta sa a na'urarta PC/AT a 1984. Shi ba ya riƙe doguwar lamba. Gurabe gare shi: na sakan, na minti, na awa, na ranar mako, na kwanan wata, na wata, da na shekara mai ɗaukar lamba biyu kacal. Aikin da nake magana a kai shi ne zuba waccan doguwar lamba a cikin waɗannan ƙananan gurabe ba tare da komai ya zube ba.

Mu yi ɗaya tare, da biro da takarda, don ban yarda mutum ya kira lissafin da bai taɓa yi da hannunsa ba. A ce kanel yana riƙe da 1,700,000,000. Yini da dare sakan 86,400 ne. In kun raba, za ku sami kwana 19,675, saura sakan 80,000. Sauran nan shi ne awa 22 da minti 13 da sakan 20. Kwanakin kuma, daga farkon 1970 zuwa farkon 2023 shekara 53 ne, a cikinsu Fabrairu ta yi kwana 29 sau 13, jimla kwana 19,358. Saura 317, wanda ya kai mu 14 ga Nuwamba. Ranar da aka fara ƙirga Alhamis ce, don haka in kun raba 19,675 da 7 saura 5, ku ƙirga biyar daga Alhamis ku sauka a Talata. Talata ke nan, 14 ga Nuwamba 2023, ƙarfe 10:13 na dare agogon GMT, wato 11:13 agogon Najeriya da Nijar. Abin da rtc_time64_to_tm ke yi ke nan a kanel ɗin Linux, ɗan'uwansa rtc_tm_to_time64 kuma ya juyo da shi baya.

Kun ga lissafin ɗan firamare ne. Abin da ke kayar da mutane yana cikin al'adun da aka gada. A tsarin da kanel ke ajiye sakamakon, shekara ana ƙirga ta daga 1900, don haka 2023 ita ce 123. Wata yana farawa daga sifili, Nuwamba ita ce 10, alhali kwanan wata daga 1 yake farawa. Cif ɗin shi kuma 11 yake jira a gurbin wata, 23 a gurbin shekara. Direba ne zai ƙara ɗaya can, ya cire ɗari nan. Ƙarnin kuwa, ko dai bod ɗin ya tanadi wani gurbi daban, ko a yi yarjejeniya cewa 70 zuwa 99 na ƙarnin da ya wuce ne, 00 zuwa 69 na wannan.

Sai BCD. Galibin waɗannan cif-cif ɗin suna ajiye kowace lamba a rabin bayit nata daban. Minti 59 yana zama 0101 da 1001, biyar a gefe, tara a gefe. Wanda ya karanta shi a dunƙule zai ga 89. Muguntar abin ita ce daga sifili zuwa tara rubutun biyu iri ɗaya ne, don haka wanda ya gwada gurbin awa da na minti da ƙarfe 9:05 zai ga komai lafiya lau, ya rufe kwamfuta ya tafi cin abinci. Da minti ya kai goma asirinsa zai tonu.

Yanzu ga wanda na fi so ku riƙe. A duk guraben nan babu inda aka rubuta agogon wace ƙasa ne. Cif ɗin yana cewa ƙarfe 8, bai ce na Abuja ko na Landan ba. Windows tun asali tana ɗauka cewa agogon gari ne a ciki, Linux kuma ya fi son UTC. Shi ya sa ɗalibin da ya sa su biyun a laftof ɗaya yake zuwa muku da ƙorafi iri ɗaya: ya yi aiki a Ubuntu da ƙarfe 9 na safe, Linux ya rubuta 8 a cif, ya koma Windows ta nuna masa 8. Awa guda cur, ba ƙari ba ragi. In kun ga kuskure ya zo daidai awa ɗaya a ƙasar nan, ku bar batirin bawan Allah ya huta, lafiyarsa ƙalau. Batirin da ya mutu shekaru yake zubarwa, ya mayar da na'ura can baya zuwa ranar da kamfani ya sa mata ta fara.

Gyaran wannan kuskure na awa guda hanya biyu ce. Ko a ce wa Linux ya bi agogon gari da timedatectl set-local-rtc 1, ko a ce wa Windows ta bi UTC ta hanyar RealTimeIsUniversal a rajistarta. Ni ta biyu nake ba ku shawara, a kan uwar garke kuwa ba ma zancen zaɓi. Na san abin da za ku ce: mu ba ma tura agogo gaba da bazara mu dawo da shi da hunturu yadda Turai ke yi, to ina illar? Gaskiya ne illar ta ragu a wurinmu. Amma laftof yana tafiya Umara, inda suka riga mu da awa biyu, yana zuwa Accra, inda muka riga su da awa ɗaya. Kuma ranar da kuɗin wani ya maƙale tsakanin POS a kasuwar Wuse da wata uwar garke a Frankfurt, aka ce ku jera bayanan na'urorin biyu ku gano wanne ya riga wanne, a nan za ku gode wa wanda ya ajiye komai a UTC.

Agogon gari ma shawarar hukuma ce, ba saukakke ba ne. Sai a 1 ga Satumba 1919 Najeriya ta koma awa ɗaya gaba da GMT, kafin nan rabin awa ne. Abin sha'awa, Abuja tana kusan digiri bakwai da rabi gabas da Greenwich, ke nan wancan tsohon rabin awar ya fi dacewa da ranar da ke bisa kanmu a nan. Kuma ko da yake gwamnati ta taso daga Legas tun 12 ga Disamba 1991, in kuna saita yanki a na'ura Africa/Lagos za ku zaɓa har gobe. Irin waɗannan abubuwa masu canjawa da sa hannun mutum ɗaya, a bar su a sama cikin manhaja inda ake iya sabuntawa.

Kada kuma ƙuruciya ta sa ku ce za ku rubuta lissafin kalanda naku daga tushe don a sa a kayan mutane. Ku rubuta don koyo, wannan na ƙarfafa muku. Amma ku ji abin da ya sami Zune, na'urar sauraren waƙa ta Microsoft. Ranar 31 ga Disamba 2008, masu ɗaukar gigabayit 30 suka sandare a ko'ina cikin duniya. Direban agogonsu yana cire kwanakin shekara ɗaya bayan ɗaya muddin abin da ya rage ya haura 365. In shekarar mai kwana 366 ce, ba ya cirewa sai saura ya haura 366. To ranar ƙarshe ta 2008 saura 366 ne daidai: ya haura na farko, bai haura na biyu ba, sai lissafin ya yi ta zagaye wuri ɗaya. Maganin da kamfanin ya bayar shi ne a bar batir ya ƙare a jira gobe. Ƙwararru ne suka rubuta wannan, ba 'yan koyo ba. A Linux ma, sai a 2021 aka sauya wannan lissafi da na Cassio Neri, wanda ba ya zagaye ko kaɗan, kuma tare da shi aka shigar da gwajin da ke bin kwanaki ɗaya bayan ɗaya na dubban shekaru.

Wani lokacin kuma cif ɗin ne kansa ba ya bin kalandarmu. RK808 na kamfanin Rockchip an ƙera shi yana ɗauka Nuwamba kwana 31 ce. Ba a iya gyara ƙarfen da ya riga ya shiga kasuwa, don haka a ƙarshen 2015 aka koya wa direbansa a Linux ya riƙa fassara tsakanin kalandar duniya da ta cif ɗin. Da yawa kuma suna ba Fabrairu kwana 29 duk shekara huɗu ba togiya, alhali 2100 ba za ta samu ba, kamar yadda 1900 ba ta samu ba. Don haka kafin ku taɓa kowane cif, ku nemo takardar bayanin da masu ƙera shi suka fitar, ku karanta har shafin da suka lissafa kurakuransa. Can ne ake ɓoye labarin.

Rubutawar ma tana da ladabinta. Cif ɗin ba ya tsayawa ya jira ku. In kun karanta awa da 10:59:59, ya buga kafin ku karanta minti, za ku tashi da 10:00:00. Akwai bit ɗin da ke nuna yana tsakiyar sabuntawa, a dube shi, akwai kuma wanda ake ɗagawa a tsayar da shi kafin a rubuta. Irin MC146818, in an sake shi, bugunsa na gaba bayan rabin sakan yake zuwa, shi ya sa kanel ke dakon tsakiyar sakan kafin ya rubuta. In na'ura tana daidaita kanta da NTP ta intanet, kanel yakan zuba lokacinsa a cif duk minti 11 ba tare da kowa ya sa shi ba. Ku kuma in za ku yi da hannu da hwclock --systohc, don Allah ku fara duban abin da agogon kanel ke faɗa. Umarnin ba ya tambaya ko daidai ne, abin da ya tarar shi yake kwafewa.

Mu a nan wannan ya fi shafar mu fiye da waɗanda suka ƙera kayan. Na'urar da ba a ɗauke mata wuta, intanet ba ya yanke mata, da wuya ta waiwayi cif ɗinta. Tamu kuwa a yini ɗaya tana iya mutuwa ta farfaɗo sau da yawa tsakanin wutar gari da janareta da inbata, kuma kowace farkawa daga bakin cif take karɓar lokaci. In ya yi mata ƙarya, shafukan intanet su ƙi buɗewa don takardar shaidarsu ba ta dace da kwanan watan ba, lambar sirrin nan mai canjawa duk sakan 30 ta ƙi shiga. Ga zafi. An yanka kiristal ɗin ne ya yi daidai a wajen digiri 25, in ya yi nisa da nan sai ya riƙa jinkiri, ku kuma kun san Abuja a watan Maris, balle cikin akwatin ƙarfe da ke rataye a rana. Masu haɗa mitar sola ko allon lokutan sallah na masallaci, ku ƙara 'yan kuɗi ku sa DS3231, wanda ke auna zafi yana gyara kansa, maimakon DS1307. Raspberry Pi kafin na 5 ba shi da wannan agogo sam, sai kun ƙara masa. A allon masallaci kuma ku bar wa ladan maɓallin gyara kwanan watan Hijira da hannu, don ganin wata sanarwar Sarkin Musulmi ake jira, ba cif ɗin da zai lissafo ta.

Saura 2038. Na'urar da ke riƙe sakan ɗinta a bit 32 mai alamar ɗebewa ba ta wuce 2,147,483,647. Za a kai wannan adadi ranar 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 4:14:07 na asuba agogonmu, sakan na gaba kuma ta tsinci kanta a Disamba 1901. Tun Linux 5.6 a 2020 kanel ya tanadi mafita har ga ƙananan na'urori masu bit 32, amma fa sai an gina sauran manhajar a kan sabon tsarin. Ni wataƙila ba na nan, Allah masani. Ku kuna nan in sha Allahu, kuma mitoci da kyamarori da na'urorin ɗaukar yatsa da kuke kafawa bana a Garki da Maitama da Kubwa, da yawansu suna nan manne a bango ranar. Kafin ku miƙa wa mai shi, ku cire ta daga intanet, ku kai agogonta ƙarfe 4:13 na asubar wannan rana, ku bar ta ta haye, sannan ku kashe ku kunna ku ga wace shekara za ta ce. Ku maimaita da daren 28 ga Fabrairu 2028, da daren 31 ga Disambar shekarar.