Dalilin Saɓanin Baki da Murya a Faifan Bidiyo

Duk wanda ya taɓa zama kallon fim a gida ko a gidan kallo a Abakpa ta Kaduna ya san wannan matsala: jarumi ya rufe baki, sannan a ji maganarsa. Sau da yawa akan ɗora wa na'ura laifi, a kai ta wurin mai gyara, a yi asarar kuɗi, alhali cutar tana jikin faifai.

A faifan VCD, wanda aka fito da shi a 1993, hoto da sauti a rabe suke, kowanne da alamar lokacinsa. Na'ura ce ke karanta alamun ta haɗa su. In haɗin ya kuskure, ƙwaƙwalwa takan gane. Ta saba ganin walƙiya kafin jin tsawa, domin haske na tafiyar kilomita 300,000 a sakan, sauti kuwa kimanin mita 340. Saboda haka tana jure wa sautin da ya makara fiye da wanda ya riga hoto.

Saɓanin iri uku ne. Na farko, tazarar da ba ta canzawa. Talabijin na zamani yakan ɗan jinkirta hoto yana sarrafa shi, sauti kuwa ya zarce lasifika ta waje. Maganinsa, a bi da sautin ta talabijin.

Na biyu, tazarar da ke ƙaruwa. Fim ɗin silima na gudu da hoto 24 a sakan, tsarin PAL da Nijeriya ta ɗauka kuwa 25. In mai kwafi ya hanzarta hoto ya bar sauti yadda yake, hoton minti ɗaya zai ƙare cikin sakan 57.6, watau murya ta makara da sakan 2.4. Wannan aibin kwafi ne, mai gyara ba shi da maganinsa.

Na uku, saɓanin da ke faɗowa kwatsam bayan hoto ya tsaya. Ƙura ce ko ƙarzuwa. A goge faifai da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa gefe.

Kafin a nufi mai gyara, a gwada faifan a na'urar maƙwabci. In saɓanin ya biyo shi, na'urarku lafiya take.

Aiki ga ɗalibai: a irin saɓani na biyu, minti nawa murya za ta makara a ƙarshen fim mai tsawon minti 90?